Cika Filin Aliu Mahama Ba Shi Ne Ma'aunin Kundin Waƙa Ba

Duk lokacin da Fancy Gadam ko Maccasio ya saki sabon kundin waƙoƙi, muhawarar da ke biyo baya a majalisunmu na Vittin guda ce: wa ya fi tara jama'a a filin wasa na Aliu Mahama? 'Yan Gadam Nation su fito da hotunan cincirindo, 'yan 69 Fans su fito da nasu, a watse ba wanda ya ce uffan a kan waƙoƙin kansu.

Ba mu raina abin da samarin nan suka yi ba. A 2018 "Total Cheat", wadda Fancy Gadam ya yi da Sarkodie, ta lashe kyautar waƙar shekara ta Ghana, dole Accra ta juyo da kunnenta arewa. Wannan abin alfahari ne ga duk mazaunin Tamale, Bahaushe ko Badagombe.

Ƙorafinmu a kan kiɗa yake. A Dagbon lunga magana take yi. Da ita makaɗa ke jero sunayen sarakunan Yendi da kirarinsu, kamar yadda kalangu ke kiran sunan mutum a wurinmu har ya waiwayo. Amma a yawancin sababbin kundayen da ke tashi daga situdiyoyin garin nan, bugun kwamfuta ne irin na Accra da Legas, an goge murya da na'ura har ba a bambance mawaƙi da mawaƙi. In ma an sa lunga, ado ce ta 'yan daƙiƙu a farkon waƙa, sai ta ɓace. Waƙa biyu ko uku masu kyau, sauran ciko. Waƙoƙin Kano da muke kunnawa a bukukuwanmu su ma ciwon ya kama su: fiyano ɗaya, amshi ɗaya, soyayya ɗaya.

Laifin ba na na'ura ba ne. A saurari "1000 Can Die" na King Ayisoba, wanda kamfanin Glitterbeat ya fitar a 2017. Akwai kiɗan lantarki a ciki, har da Lee "Scratch" Perry na Jamaika, amma kologo, mai tsirkiya biyu kamar gurminmu, shi ne jagora daga farko har ƙarshe, na'ura tana biye. Shi ya sa aka ji shi a Turai ba tare da ya ari muryar kowa ba.

Mu da muka tashi da Shata a kunne ɗaya, lunga a ɗayan, muna da hurumin yin magana. Idan sabon kundi ya fito, mu saurare shi dukansa, sa'annan mu rubuto nan wace waƙa ce ta tsaya da ƙafarta, wacce ce ciko, kuma a minti na nawa aka bar ganga ta yi magana.