A Riƙa Ƙwanƙwasa Uwar Garke Kullum Kamar Ƙafar Jirgi

Tun daga shekarar 1927, lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya rabu zuwa Kaduna da Jos, mutanen garin suka saba da wata ɗabi'a ta ma'aikatan reluwe. A da, idan jirgi ya tsaya a tasha, sai mai duba taragu ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da guduma yana sauraro, domin ƙarar lafiyayyen ƙarfe daban take da ta wanda ya tsage. Ba a jiran ƙarshen shekara kafin a yi wannan aiki, kuma ba a fasa shi don an yi jiya.

A yau dukiyar 'yan kasuwar kudancin Jihar Kaduna ba a cikin taragu take tafiya ba. Kuɗin cittar da ake saye a Kachia da Kwoi da Zonkwa, da albashin ma'aikata, da ajiyar ƙungiyoyin gama kai, duk suna ratsawa ne ta cikin manyan kwamfutocin nan da ake kira uwar garke, waɗanda ke riƙe da lissafin asusun kowa. Ƙarancin takardun Naira da aka sha a farkon shekarar 2023 ya tura hatta masu ƙaramin jari zuwa ga tura kuɗi ta waya da na'urar POS, kuma da yawa ba su koma tsohuwar hanya ba. Abin tambaya a nan shi ne, wa ke ƙwanƙwasa waɗannan na'urori, kuma sau nawa?

A bisa al'ada, akan ɗauko masu bincike sau ɗaya a shekara, su duba, su rubuta rahoto, a sa a durowa. Amfanin wannan rahoto bai wuce shaidar halin da na'urar take ciki a ranar da aka duba ta ba, wato rana ɗaya cikin 365. Washegari wani injiniya na iya buɗe wata ƙofa ta intanet don gyara ya manta bai rufe ba, ko ma'aikaci ya bar aiki a bar asusunsa a buɗe, ko kuma a gano wani sabon lahani a manhajar da ake aiki da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masu kutse suna da manhajojin da ke zagaye intanet dare da rana suna laluben irin wannan tsaga.

Maganin da masana suka fito da shi ba wani mai wuyar fahimta ba ne. Ana rubuta ƙa'idojin tsaro a cikin sigar da kwamfuta za ta iya karantawa, sa'an nan a bar wata manhaja ta riƙa gwada uwar garke da su a kowane dare, ko duk sa'ad da aka canza wani abu. Takan duba ko an canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani, ko an liƙa facin da masu manhaja suka fitar, ko an kulle bayanan abokan ciniki, ko kwafin ajiya na jiya yana buɗuwa. Da gari ya waye, sai a tarar da jerin abin da ya ci jarrabawa da abin da ya faɗi. Akwai irin waɗannan manhajoji da ake samu kyauta, alal misali OpenSCAP da Lynis da OpenVAS, ga kuma ma'aunin CIS da ake bi a ƙasashe da dama. Saboda haka babban abin da za a kashe wa kuɗi shi ne mutumin da zai kafa su ya kuma bi sakamakonsu.

Doka ma ta riga ta yi magana. A shekarar 2018 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin tsaron kwamfuta ga bankunan kasuwanci da kamfanonin biyan kuɗi, a 2022 kuma ya fitar da irinsu ga sauran cibiyoyin kuɗi, ciki har da ƙananan bankuna masu ba da rance, tare da wa'adin 1 ga Janairu 2023. Ƙa'idojin sun ɗora alhakin a wuyan hukumar daraktoci. Daɗin daɗawa, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, kuma tarar manyan masu riƙe da bayanai na iya kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. To, wanda ke duba na'urarsa sau ɗaya a shekara, ta yaya zai san an shige shi, balle ya kai rahoto cikin kwana uku?

Wani hanzari ba gudu ba, kada a ɗauka cewa da an sa manhajar gwaji shi ke nan sai barci. Abin da ya sami kamfanin Equifax na ƙasar Amurka a 2017 ya isa darasi. An fitar da facin wani lahani a watan Maris, kamfanin ya saki manhajar bincike a kan na'urorinsa, amma ba ta gano wadda ke ɗauke da lahanin ba, kuma binciken da 'yan majalisar ƙasar suka yi daga baya ya nuna cewa kamfanin ba shi da cikakken lissafin kayan da yake da su. Daga watan Mayu zuwa Yuli masu kutse suka kwashi bayanan mutane kimanin miliyan 147, a 2019 kuma kamfanin ya amince da biyan diyya da tarar da za ta iya kai Dala miliyan 700. Haka nan a ranar 19 ga Yuli 2024, wani gyara da kamfanin CrowdStrike ya aika ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, bayan da manhajar da ke tantance gyaran ta bar shi ya wuce. Guduma ba ta jin ƙara da kanta, sai da kunnen mai riƙe da ita, kuma taragon da ba a lissafa ba ba za a ƙwanƙwasa shi ba.

Me ya sa har yanzu ake jan ƙafa? Dalilin na tattalin arziki ne. Kuɗin tsaro daga aljihun mai banki yake fita yau, amma hasarar sakaci kan fara faɗawa ne a kan ɗan kasuwar da kuɗinsa suka maƙale ranar kasuwa. Shi kuwa ba ya iya leƙa ɗakin kwamfuta ya bambance mai kula da marar kula, don haka mai kula ba ya samun ladar kulawarsa a kasuwa. Manoma da dillalan citta da annobar cutar 2023 ta cinye wa jari ba su da sauran ƙarfin ɗaukar wata hasarar da za a iya kauce mata.

A ra'ayinmu, abubuwa huɗu ne ya kamata a yi. Na farko, daraktocin ƙananan bankuna da shugabannin ƙungiyoyin gama kai su nemi a riƙa kawo musu takarda mai shafi ɗaya a kowane wata, mai nuna yawan na'urorin da ake da su, da yawan gwajin da suka faɗi, da kwanakin da aka ɗauka kafin a gyara. Na biyu, tun da yawancin ƙananan cibiyoyi hayar uwar garke suke yi daga kamfanonin Legas da Abuja ko ƙasashen waje, a rubuta cikin kwangila cewa dole ne kamfani ya riƙa miƙa sakamakon gwaji, kuma a bayyana wanda zai biya idan an yi sakaci. Na uku, cibiyoyin da ke Kafanchan da kewaye su haɗa kuɗi su ɗauki ƙwararre guda, tun da kowace ita kaɗai ba za ta iya biyansa ba. Jami'ar Tarayya da aka kafa a Kachia a 2025 na iya horar da matasan yankin a wannan fanni. Na huɗu, manyan 'yan kasuwa da ke ajiye miliyoyi su tambayi manajan bankinsu yaushe aka yi gwaji na ƙarshe, kuma wa ya karanta sakamakon.

Idan masu ajiya suka fara wannan tambaya, manajan da ya kasa amsawa a karo na farko zai nemo amsa kafin karo na biyu, domin ya san akwai wani banki a gaba kaɗan. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kasuwa.