Himalayan 450: Inji Ya Yi, Amma Taswirar Na Shanye Cajin Waya

Da Royal Enfield ya fitar da Himalayan 450 a Indiya a Nuwamban 2023, mahaya sun yaba injinsa mai cc 452 da ruwa ke sanyayawa. Ƙorafinsu na kan allon gabansa ne. Allon na nuna Google Maps, amma daga waya yake jawo taswirar, kuma a lokacin da aka fitar da shi dole ne a bar fuskar wayar a kunne. Sai waya ta ɗau zafi, caji ya zube.

A cikin gari wannan ba komai ba ne. A tsaunukan Ladakh kuwa, da wayar nan matafiyi zai nemi agaji idan ya faɗi. Kamata ya yi babur na doguwar tafiya ya riƙe taswirarsa da kansa.