Makullin sito a aljihun Alhaji, lambar sirri a hannun yaro

'Yan uwa na Mile 12 da Agege da Idi Araba, da mutanenmu na Sabo Ibadan.

Yau da iyayenmu 'yan kasuwa nake, kuma a gafarce ni, maganar za ta yi ɗaci. Tun lokacin da aka sauya fasalin Naira a ƙarshen 2022, tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023, kowa ya koma tiransifa da POS, har mai sayar da albasa kashi-kashi. Kuɗinmu sun shige waya, mu kuwa har yau ƙofar sito kawai muke gadi.

Ku dubi rumfunanmu. Alhajin da ba zai taɓa bari yaro ya kwana da makullin sito ba, shi ne zai miƙa masa waya da katin ATM da lambar sirri, wai shi ba ya karanta Turanci. Lambar kuma ko 1234 ce ko shekarar haihuwa. Akawun da ke riƙe da lissafin mutum biyar ko shida, duk a waya ɗaya yake ajiye lambobin asusunsu da hotunan littafin bashi, wayar ba kulle, yana ta tura su ta WhatsApp. Ranar da aka fizge ta a cikin danfo, asirin kasuwa guda ya tafi.

Kuma ɓarawon waya ba ruwansa da wayar, layin yake so. Da layin zai danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, ya shiga gwada asusunka ta USSD. Sa wa layi lambar kulle minti biyu ne, amma mutum nawa ne a kasuwa suka yi? Ga masu kira su ce daga banki ne, a karanto musu lambar da ta shigo. Babu bankin da ke tambayar wannan lambar. Ga alat na bogi: a nuna wa dattijo hoton tiransifa, ya saki buhu ashirin bai duba asusunsa ba, don kada a ce ya ƙi yarda da baƙo.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shirun. An cuci mutum, sai ya ce ƙaddara ce, ya ɓoye don kada a ce an yi masa wayo, gobe a yi wa maƙwabcinsa irin ta. Akwai dokar laifukan intanet tun 2015, an gyara ta a 2024, amma doka ba ta bin ɓarawon da ba a kai ƙararsa ba. Su ma bankuna da laifinsu, suna karɓar kuɗin Bahaushe suna yi masa gargaɗi da Turanci.

Shugabannin kasuwa suna iya tara mu a kan kuɗin shara da na gadi. To ina roƙon su, da Sarkin Hausawa, su tara mu rana ɗaya bayan sallar Juma'a, kowa ya zo da wayarsa, mu samari mu nuna yadda ake kulle layi da canza lambar sirri, amma mai wayar ne zai danna da hannunsa.