Ƙasar Damargu da halin mutanenta

Damargu tana arewa da Damagaram, bisa hanyar Agadas. Manyan garuruwanta su ne Tanut da Balbeji. Dagirawa da Hausawa suna noma, Buzaye da Fulani suna kiwo. Harsunansu daban-daban ne, amma halinsu ya yi kama. Dalili kuwa shi ne, ƙasa guda ta yi renonsu.

Wanda ya hau tudun Tanut zai ga fili har iyakar ganinsa. Can da can ga duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai, an rufe su da jan marmara. A gindinsu yara kan tsinci katantanwa da ta zama dutse. Masana sun ce teku ce ta rufe wurin nan, yau fiye da shekara miliyan 90. Tekun ta janye, ta bar laka da dutsen yashi. Wurin da kifi ya yi iyo, yau raƙumi ke tafiya. Yaron da ya riƙe wannan katantanwa a hannunsa ya san duniya ba ta da tabbas, kuma iko na Allah ne.

Ruwa ma malami ne. Damana gajera ce, tabkuna suna ƙafewa tun rani bai yi nisa ba. Rijiyoyi suna da zurfi ƙwarai, har sai an ɗaura wa sa ko raƙumi igiya ya jawo wasaki. A bakin rijiya kowa yana jiran lokacinsa. Nan ake koyon haƙuri. Nan kuma ake koyon karimci, don abin kunya ne baƙo ya roƙi ruwa a hana shi.

In damana ta yi kyau, Damargu rumbun hatsi ce. Tun zamanin da, ayarin Abzinawa yakan kawo gishiri da dabino, ya koma da hatsi. In ruwa ya ɗauke, gari duka yakan fita roƙon ruwa. Fari ya zo a 1973, ya komo a 1984. Bisashe sun mutu, mutane da yawa sun yi gudun yunwa. Da ruwa ya sauka, suka komo suka yi shibka.

Wasu sun ce wahala ba ta gyara hali, faɗa take kawowa. Akwai gaskiya a ciki: manomi da makiyayi sukan yi rikici bisa burtali ko rijiya. Amma ƙasar nan ba ta barin mutum ya rayu shi kaɗai. Manomi yana son taki da nono, makiyayi yana son hatsi da karmami. Wanda ya kori ɗan'uwansa, kansa ya cuta.

Sai dai haƙuri ba zaman banza ba ne. Wanda ya sare itatuwan gonarsa, iska ta kwashe ƙasa, kada ya ce ƙaddara ce. Hausawa sun ce: Allah ya ce, tashi in taimake ka. Ɗan Damargu na ƙwarai shi ne mai roƙon ruwa da safe, da marece kuma ya gyara ƴan itatuwan da suka tsiro a gonarsa.

Tambayoyi

1. Mine ne ya nuna teku ta taɓa rufe Damargu?
2. Waɗanne halaye ake koyo a bakin rijiya?
3. Don mi manomi da makiyayi ba su iya rabuwa?