Harajin Shinkafar Waje: Shinge Ne, Ba Taki Ba

Ya kai manomi, da kai malamin gona, duk lokacin da gwamnati ta ƙara harajin shigo da shinkafa, murna kan cika karkara. Murnar tana da dalili, domin idan 'yar waje ta yi tsada, 'yar gida kan sami kasuwa. Amma a ganina, haraji shinge ne kawai. Yana kare gona, amma ba ya ƙara mata yabanya.

Mu duba tarihi. A 1985 an hana shigo da shinkafa, a 1995 aka ɗage hanin. A 2013 harajin ya kai kashi 110 cikin ɗari, sai 'yan fasa-ƙwauri suka riƙa sauke ta a Kwatano suna shigo da ita ta ɓarauniyar hanya. A 2019 an rufe iyakokin ƙasa na tudu, aka fara buɗe su a ƙarshen 2020. A 2024 kuma, da tsadar abinci ta gallabi jama'a, gwamnati ta ba da sanarwar ɗage harajin masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na kwana 150. A 2025 farashin shanshera da masara ya faɗi, alhali takin zamani bai sauko ba. Wanda ya ci bashi ya yi noma shi ya ji a jikinsa.

Darasin a fili yake. Gwamnati tana sauraron kukan mai saye kamar yadda take sauraron naka, don haka shingen na iya faɗuwa kowane lokaci. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Kariyar da ba mai ƙwace maka ita ce rage abin da kake kashewa a kan kowane buhu. Yi amfani da ingantaccen iri kamar FARO 44, ka yi dashe a layi, ka sa taki a kan kari. Ka yi sussuka a kan tamfol, domin tsakuwa ce ke korar masu saye. Malamin gona kuma ya koya wa manoma rubuta kuɗin da suka kashe.

Ga hukuma, roƙonmu ɗaya ne: a sanar da sauyin haraji kafin shuka, ba lokacin girbi ba.