Kofi Bakwai da Suka Rasa Marubuci

Duk wanda ya tsaya a ƙofar wata kolej ta Dakwaro lokacin tashin yara, ya tambaye su ƴan wasan Real Madrid ko na Barcelona, zai sha mamaki. Za su jero masa su tun daga mai tsaron gida har masu zaman jira, su ƙara da kuɗin da aka sayi kowannensu. In ya ambaci Kano Pillars, masu sauraron tashoshin Nijeriya za su amsa da “Sai masu gida!”, domin sun san ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Amma in ya ce akwai wata Kano Pillars ta ƙwallon kwando, wadda ta fi ƴar'uwarta yawan kofuna, sai wuri ya yi tsit. Malaman yaran ma, da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, akasarinsu shirun za su yi. Wannan shiru abin kunya ne, kuma yana da masu laifi waɗanda ya kamata a faɗa musu gaskiya.

Kafin a kai ga masu laifin, ya dace a shimfiɗa tarihin a fili. Kano Pillars ta ƙwallon kwando ƙungiya ce ta gwamnatin jihar Kano, gidanta kuwa zauren wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ta ɗauki kofin babbar gasar Nijeriya sau uku a jere, a 2008 da 2009 da 2010. Ta sake ɗaukarsa a 2013 da 2014, sannan a 2016 da 2017. Wato cikin shekara goma ta ci bakwai, ta bar wa sauran ƙasar uku: biyu ga Royal Hoopers ta Fatakwal a 2011 da 2012, ɗaya ga Mark Mentors ta Abuja a 2015. Ƴar'uwarta ta ƙwallon ƙafa, wadda ake yi wa kiɗa da kirari, kofin ƙasa huɗu ta ci, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Mai lura zai ga cewa a shekara uku, 2008 da 2013 da 2014, birnin Kano ya riƙe kofunan nan biyu a lokaci guda, amma ɗaya kaɗai jama'a ke tunawa.

Aikin ƙungiyar bai tsaya a gida ba. A watan Disamba na 2016, a birnin Alƙahira, aka buga gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka. Al Ahly ta Masar ta ɗauki kofi, Recreativo do Libolo ta Angola ta zo ta biyu, Kano Pillars ta zo ta uku. Wanda bai san wasan ba zai iya raina matsayi na uku. Sai dai Masar da Angola su ne gidajen sarautar ƙwallon kwando a nahiyar: ƙungiyar ƙasar Angola kaɗai ta riga ta ci kofin Afirka sau goma sha ɗaya kafin wannan shekarar, ta kuma cika na goma sha biyu a 2025. Ƙungiyoyinsu na da kuɗin ɗauko ƴan wasa daga ƙetare. Tsayawa kusa da su bisa dandalin karɓar lambobi, da matasan da aka horar a filayen Nijeriya, a ƙarƙashin mai horarwa ɗan gida Sani Ahmed, aiki ne da ya cancanci littafi sukutum. Sunaye irin su Abubakar Usman da Abdul Yahaya sun isa a san su a Maraɗi kamar yadda aka san sunayen ƴan kokowa.

Mai laifi na farko shi ne shugabanci. A watan Yuni na 2017 hukumar ƙwallon kwando ta Nijeriya ta dare gida biyu. An yi zaɓe a Kano aka ba Tijjani Umar shugabanci, washegari aka yi wani a Abuja aka ba Musa Kida. Daga nan aka shiga shekarun ƙara da shari'a da wasiƙu zuwa ga hukumar duniya, wato FIBA, gasar cikin gida kuwa ta riƙa tafiya da ɗingishi, wani lokaci ta tsaya cak. A shekarar da rikicin ya ɓarke Kano Pillars ta doke Gombe Bulls ta ɗauki kofinta na bakwai, kuma daga nan tauraruwarta ta dusashe. Rikicin ya kai har a watan Mayu na 2022 gwamnatin Nijeriya ta janye ƙasar daga duk wasannin ƙwallon kwando na duniya. Ko da ta sake shawara bayan makonni kaɗan, ɓarna ta riga ta auku: ƙungiyar mata ta ƙasa ta rasa gurbin da ta samu da guminta a gasar kofin duniya ta wannan shekarar, aka ba Mali.

Abin da ya ƙara wa gyambon gishiri shi ne lokacin da rikicin ya faɗo. A 2019 hukumar NBA ta Amurka da FIBA suka ba da sanarwar kafa sabuwar gasar ƙwararru ta Afirka, wadda ake kira BAL, aka kuma buga kakarta ta farko a Kigali a watan Mayu na 2021, Zamalek ta Masar ta ci. Nijeriya na cikin ƙasashe shida da aka ware wa zakaransu gurbi kai tsaye. Da a ce gasar ta zo shekara biyar kafin haka, da Kano ce ta zauna bisa wannan kujera. Maimakon haka Rivers Hoopers ta je a 2021, a 2022 babu ƙungiyar Nijeriya ko ɗaya a gasar, Kwara Falcons ta je a 2023, Rivers Hoopers ta koma a 2024 har ta zo ta uku. Daga 2021 zuwa 2025 ba a ga rigar Kano Pillars a wannan dandali ba. Manya sun yi faɗan kujera, ƴan wasa suka biya da shekarun ƙuruciyarsu, waɗanda ba a mayar wa kowa.

Mai laifi na biyu shi ne tsarin da ƙungiyoyin yankin nan suka ginu a kai, a tsallaken iyaka da nan gida. A Kano gwamnatin jiha ce uwa da uba. A Yamai ƙungiyoyin da aka sani na kamfanin lantarki ne, ko na ƴan sanda, ko na soja, ko na kwastan. Ƙungiyar da abincinta ke hannun mai mulki guda, ranar da hankalinsa ya koma wani wuri sai ta kwana da yunwa. Ba ta da mambobi masu biyan kuɗin shekara da za su tambayi ina aka kwana, ba ta da ɗakin ajiye takardu da hotuna, ba ta da makarantar yara wadda za ta ci gaba ko da an sauya gwamna ko darekta. Al Ahly, wadda aka kafa tun 1907, ta daɗe ne domin mambobinta sun ɗauke ta tamkar gado. Kowa ya dogara da tuwon wani, ba shi da ikon cewa miya ta yi kaɗan.

Nijar ma ta ɗanɗana wannan. Ƙungiyar Nigelec ta Yamai ta shiga wasannin neman gurbin BAL a 2019, kuma a nan ne nahiyar ta lura da Abdoulaye Harouna, ɗan ƙasa wanda ya yi karatu da wasa a jami'ar Miami ta jihar Ohayo. Bayan haka ya buga gasar BAL da rigar FAP ta Kamaru a 2021, da ta AS Salé ta Maroko a 2022, da ta ABC ta Abijan a 2023, da ta AS Douanes ta Senegal a 2024. Ƙasashe huɗu sun mori hannunsa, ƙasarsa kuwa ba ta da ƙungiyar da za ta kai shi wannan fili. Ga kuma abin da ake da shi na wasan ya taru a babban birni, alhali nisan Maraɗi zuwa Kano bai kai rabin nisanta zuwa Yamai ba.

Mai laifi na uku shi ne wanda wannan shafi ya fi shafa, wato malamai da masu kishin al'ada. Akwai wata magana da ke yawo a tarurruka, cewa ƙwallon kwando wasan Amurkawa ne da ƴaƴan masu kuɗi, al'adar Bahaushe kuwa kokowa ce da dambe da langa. Masu wannan magana sun manta cewa gasar takobin kokowa da ake alfahari da ita an fara ta a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, kuma hukuma ce ta ɗauko wasan kaka na ƙauye ta sa masa alƙali da agogo da doka. Babu wanda ya ce kokowa ta ɓata don an tsara ta. Sun kuma manta cewa shayi da rediyo da keke baƙi ne a ƙasar Hausa, yau kuwa ba mai tambayarsu takardar shiga. Abin da jama'a suka karɓa, suka yi gumi a kansa, suka ci kofi da shi shekara da shekaru, ya zama nasu.

Zariya ta isa shaida. A filin jami'ar Ahmadu Bello wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana horar da yara. A garin ne Masai Ujiri ya girma ya koyi wasan, shi ne kuwa ya shugabanci Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Wanda ya ƙago wasan ma malamin makaranta ne, James Naismith, a garin Springfield na Amurka a Disamba na 1891, yana neman abin da zai shagaltar da ɗalibansa lokacin sanyi. Wasan da malami ya haifa a makaranta bai kamata malamai su zama na ƙarshen waiwayarsa ba.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ba za a kau da kai daga gare shi ba. Wani zai ce: a jihar da har gobara ta cinye yara fiye da ashirin cikin azuzuwan kara a birnin Maraɗi a watan Nuwamba na 2021, wa ke da fuskar yin zancen filin wasa? Gaskiya ne, aji na gaba da fili, kuma duk mai hankali zai fara da ginin aji. Amma filin ƙwallon kwando tsawon mita 28 ne da faɗin mita 15, daɓen siminti da turaku biyu masu zobe a tsayin mita 3 da santimita 5. Rabin wannan fili ya isa wasan uku-da-uku, wanda ya shiga gasar Olimfik ta Tokiyo a 2021. Harabar kolej ko ta gidan matasa na ɗaukarsa ba tare da an rushe komai ba. Ga iyaye masu tsoron batun sutura kuwa, tun 2017 FIBA ta halatta wasa da lulluɓin kai. Ƴan matan Nijeriya sun ci kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025, kuma a Paris a 2024 suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƴan takwas a ƙwallon kwandon Olimfik.

Daɗin daɗawa, mafi girman abin da ake nema ga malamai ba ya cin ko dala. Rubutu ne. Ɗalibin faransanci na samun shafi bayan shafi kan ƙungiyoyin Faransa, ɗalibin Hausa kuwa da wuya ya sami shafi guda mai kyau da harshensa kan ƙungiyar da ta fi kowace ɗaukaka a ƙasar Hausa a wannan wasa. Harshen da aka tsare a karin magana da tatsuniya, aka hana shi bayyana yadda ake tsaron gida da jifa daga nesa da ƙwato ƙwallo a ƙarƙashin kwando, yara za su ɗauka harshen tsofaffi ne, su koma wa wani don zancen abin da ke motsa zuciyarsu. Malamin Hausa da ke kukan yara sun guje wa darasinsa, ya dubi abin da ya shimfiɗa musu a kan allo.

Saboda haka aiki uku na jiran masu shi. Ƙungiyoyin raya al'adu na Maraɗi da Katsina da Kano su tura wakilai su ɗauki muryoyin tsofaffin ƴan wasan Pillars da masu horar da su tun suna raye, a tattara hotuna da sakamakon wasanni, a buga da Hausa. Malaman harshe su zauna da malaman motsa jiki su daidaita kalmomin wasan, su sa tarihin nan cikin darasin karatu da insha'i. Shugabannin kolej da lise na jihar Maraɗi kuwa, daga Dakwaro zuwa Tasawa da Madarumfa, su tsara gasar makarantu ta maza da ta mata wadda kwamitocin iyaye ke riƙe da ita, don kada ta mutu ranar da aka sauya wani babba. Kano ta riga ta nuna cewa ƴaƴan wannan yanki na iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Masar da Angola. Kofunanta bakwai na nan, ƴan wasan da suka ɗauke su na nan da ransu, saura mai alƙalami ya je ya same su.