Masu Cewa Turkawa Sun Ƙi Littafi Ba Su Dubi Gine-ginensu Ba

Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa a zaurukan 'yan boko, har ta zama kamar karatun da aka haddace: wai Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta faɗi ne saboda ta ji tsoron littafi. Hujjar guda ce kullum. Turai ta fara ɗab'i tun wajen 1450, amma Musulmin Istanbul ba su samu maɗaba'a ba sai 1727, lokacin da aka ba Ibrahim Muteferrika izini, littafinsa na farko kuma ya fito a 1729. Jinkirin gaskiya ne, ya kuma jawo hasara. Sai dai auna ƙaunar ilimi da injin ɗab'i kaɗai gajeren tunani ne, domin a wannan ƙarnin da ake kira na koma-baya ne Istanbul ta cika da ɗakunan karatu.

Kafin wannan lokaci, littattafan waƙafi suna zaune ne a cikin masallatai da makarantu, a kabad ko a ƙaramin ɗaki. A 1678 iyalan babban waziri Koprulu suka buɗe ɗakin karatu mai ginin kansa a kan titin Divanyolu, wanda ake ɗauka shi ne na farko irinsa a birnin. Daga nan ƙofa ta buɗe. Sarki Ahmad na Uku ya gina nasa a fadar Topkapi a 1719. Sarki Mahmud na Ɗaya ya kafa wani a cikin Ayasofiya. Atif Efendi, ma'ajin daula, ya gina nasa a unguwar Vefa a 1741, babban waziri Ragib Pasha kuma ya bi baya a Laleli a farkon shekarun 1760.

Duk wanda ya dubi waɗannan gine-gine da idon basira zai ga mutanen da suka san abokan gaban takarda. Istanbul birni ne na gidajen katako, gobarar 1660 kaɗai ta cinye babban sashensa, don haka aka yi ɗakunan karatu da dutse da tubali, aka sa wa tagogi ƙarafa. Birni ne mai danshi a bakin teku, sai aka ɗaga zauren karatu a kan ginin ƙasa wanda iska ke ratsawa. Aka jera tagogi sama da ƙasa a ƙarƙashin ƙubba don hasken rana ya wadaci mai karatu, kada a nemi fitila kusa da takarda. A ɗakin Ragib Pasha, littattafan suna cikin keji na ƙarfe a tsakiyar zaure: kowa yana ganinsu, amma ba mai taɓa su sai ta hannun mai kula.

Abin da ya fi ginin muhimmanci shi ne takardar waƙafi. Ita ce ke ware kuɗin haya daga shaguna da gonaki don biyan ma'aikata, ta faɗi ranakun buɗewa, ta wajabta ƙidayar littattafai. Koprulu ya samu masu kula da littattafai da mai ɗinke su da mai tsaron ƙofa. Atif Efendi ya gina wa ma'aikatansa gidaje a harabar, don kada ɗalibi ya zo ya tarar da ƙofa a kulle. Haramta fitar da littafi waje, wanda wasu ke kira rowa, shi ne ya sa ɗalibin da ba shi da kuɗin biyan mai kwafi yake da tabbacin samun littafin a inda ya bar shi jiya.

Ba na cewa kowa ya amfana. Masu iya karatu 'yan kaɗan ne, mafi yawan masu zuwa kuma malamai ne da ɗalibai maza, littafin hannu kuwa ba ya yaɗuwa kamar bugagge. Wannan suka ce mai tushe, kuma ita ya kamata a yi. Amma zargin ƙin littafi bai da ƙafar tsayawa. Dubun-dubatar littattafan hannu da ke Ɗakin Karatu na Sulaimaniyya a yau, inda aka tattara tarin waƙafai masu yawa, sun tsira daga wuta da danshi da yaƙi ne domin wasu sun zauna sun yi lissafin albashin mai tsaron ƙofa tun shekaru ɗari uku da suka wuce.